Tsohuwar Fijo Ba Gwangwani Ba Ce

Kwanakin baya muka tsaya, a nan yankinmu na Sharabi, muna kallon yadda 'yan gwangwan suka taru a kan wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, suna fasa ta da guduma da kurfi kamar an kama ɓarawon akuya. Kafin la'asar sun gama da ita, an ɗora a sikeli, an biya magada kuɗin da ba zai sayi tinkiya biyu ba. Motar nan kuwa ta yi shekaru tana kai shinkafa da albasa kasuwa, ta kai amare ɗakunansu, ta kai masu naƙuda asibiti da tsakar dare. Ko hotonta ba wanda ya ɗauka. Mu ma da muke kiran kanmu marubuta, hannu muka naɗe.

Wannan ne ya sa muka ɗauko alƙalami, domin akwai maganar da duk lokacin da aka tayar da ita sai a yi mana dariya, wato maganar kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci, da keɓe musu rana guda a shekara su fito su zaga ƙasa. Masu dariyar iri biyu ne, kuma da kowannensu muna da ja.

Na farko su ne masu cewa wannan ai aikin Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin yi. Gaskiya ne a can abin ya yi ƙarfi. A Ingila, masu ƙananan motocin gudu ƙirar MG suna da ƙungiyarsu tun 1930. Haka kuma duk ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, motocin da aka ƙera kafin 1905 kan tashi daga Landan su gangara Brighton a bakin teku, tafiyar kusan mil 60, suna tari suna hayaƙi, jama'a na tafi a gefen hanya. To, amma a tambaye su, me suke tunawa? Dokar 1896 suke tunawa, wadda ta sassauta wa mota takunkumin gudu a ƙasarsu. Ashe ke nan tarihinsu suke tukawa a kan titi, don yaro ya gani da idonsa, ya shafa da hannunsa. Shin mu ba mu da tarihin ne? Ko kuwa namu tarihin ya tsaya a kan doki da takobi, daga nan sai aka rufe littafi?

A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna. A wannan shekarar dai 504 ta cinye tseren Safari na Kenya, ta kuma cinye na Bandama a ƙasar Kwaddibuwa, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Faransa da ta haife ta ta daina ƙera ta da daɗewa, amma a Kaduna sai da aka kai 2006 ana haɗa ta. Ita ce motar gwamna, ita ce motar alƙali, ita ce kuma motar haya mai ɗaukar mutum tara da kajinsu. A Bauchi an haɗa Steyr, a Kano an haɗa manyan motocin Fiat. Wanda duk ya ce wannan ba tarihin Arewa ba ne, to bai san inda aka kwana ba. Kuma abin da ya fi motar kanta daraja shi ne hannun da ya riƙe ta: bakaniken da bai taɓa shiga aji ba, amma da jin kukan inji zai gaya maka fulogi ne ko kabireta, ya yanko tsohuwar taya ya yi maka abin da kanti ba shi da shi. Waɗannan dattawa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, motocin yau kuwa sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi ciwonsu.

Kashi na biyu sun fi ba mu tsoro, domin su sun yarda da maganar, sai dai sun juya ta. A wurinsu taron tsofaffin motoci shi ne alhazan birni su sayo wata jar mota marar rufi daga Turai, su jero ta ƙauyukanmu da jiniya, su bule mu da ƙura, yaranmu su bi su da gudu ana watsa musu canji. In haka ne, a kai kasuwa. Mu da ke bakin iyakar Binin mun ga motocin waje har sun ishe mu. Shekara da shekaru muna kallon 'yan Kwatano na wucewa, kafin gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a farkon 2017, kuma ai wannan ambaliyar tana cikin abin da ya durƙusar da masana'antar Kaduna. Sai kuma mu koma muna yi wa tsofaffin wasu biki, namu na hannun 'yan gwangwan? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba sabon abu muke nema a ƙirƙiro ba. Jihar Kebbi ta daɗe da sanin tseren motoci a bikin kamun kifi na Argungu, kuma da aka farfaɗo da bikin a 2020, ayarin motocin da aka haɗa a Nijeriya ya taso tun daga Abuja. Madalla da wannan. Amma sababbi ne fil, na kamfanoni masu neman kasuwa. Ina wurin tsofaffin? Me zai hana a ce duk mai 404 ko 504 ko Landiroba ko Boswaja mai rai ya wanke ta ya fito, a tashi daga Bagudo da sanyin safiya bayan an gama girbi, a haye Gadar Tuga ana kallon masunta a kan Kwara da fadamun shinkafa, a bi ta Ka'oje, a yada zango a Illo, tsohon direba a gaba, bakanikensa a gefe, a ba su lasifika su faɗi abin da suka gani a hanyar nan? Mun san za a ce mana man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, za a kuma ce hanya ba tsaro. Duka gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai ba a fasa bikin aure ba saboda tsadar mai, kuma ayarin 'yan siyasa bai daina bin wannan hanya ba. Idan ma zagayen bai yiwu bana ba, filin makaranta ɗaya ya isa a jera motocin.

Sauran laifin namu ne, 'yan uwa marubuta, kuma ba za mu yi wa kanmu kara ba. Buɗe littattafanmu na soyayya ka gani: saurayi ba ya zuwa zance sai a Marsandi, jaruma ba ta kuka sai a bayan mota mai sanyi. Direban haya in ya shigo labari, to ya zo ne ya yi hatsari don a kashe wani. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa kawai, ya dubi karen mota ya ga mutum, ya yi masa waƙa sukutum. Mu masu takarda da biro, wa ya taɓa zama da ɗan kamasho ko tsohon bakanike ya rubuta rayuwarsa? Muna kira ga kowane reshe na ƙungiyarmu ya tura mutum biyu tasha da gareji kafin fitowa ta gaba, su ɗauki murya, su ɗauki hoto, su rubuta lambar mota da shekararta da hanyoyin da ta bi.

Mu dai mun fara da namu. Akwai wata 504 a bayan wani gida kusa da mu, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. 'Yan gwangwan sun zo taya ta sau biyu. Mun roƙi mai ita ya dakata mana zuwa bayan girbi, ya ce zai duba.