Daga Bakin Tabarma: Yawon buɗe ido a jirgin masu zuwa aiki

Ina zubi? Allah ya sa akwati ya cika lafiya.

Waɗanda suka yi cigiyata watan jiya, na gode. Na je Amurka ne wankan jegon ɗiyata da ke aure a unguwar Bronx, cikin birnin Niyok. Da muka yi arba'in, sai surukina ya ce: "Inna, ba za ki koma Maraɗi ba ki ga gari ba." Ya kawo zancen motar ƴan yawon buɗe ido. Da ya faɗi kuɗin, na juya shi zuwa sefa a kaina, na ce: "A'a ɗana, wannan ai jarin mai ƙosai ne." Kun san halin ma'aji.

Sai ɗiyata ta ce mu shiga jirgin ƙasa na ma'aikata, wanda suke kira Metro-North. Yana tashi daga babbar tashar Grand Central, wadda aka buɗe a 1913, ya bi gaɓar kogin Hudson har garin Poughkeepsie, tafiyar kamar awa biyu. Dabara uku ta koya mini. A sayi tikiti tun a tasha, don a cikin jirgi ya fi tsada. A kauce wa lokacin cunkoson safe da na yamma, nan ma kuɗi na raguwa. Sannan in za a yi arewa, a zauna ta hagu, nan ruwa yake.

Wallahi ƴan uwa, ruwa na nan dab da taga, kamar ki miƙa hannu ki ɗebo. A tsallake ga duwatsu tsaye kamar katanga. A Ossining jirgin ya ratsa ta cikin harabar gidan kason Sing Sing, na yi wa ƴaƴan mutane addu'a. Can gaba muka hango makarantar sojoji ta West Point a ɗaya gaɓar. Kogin nan kuma yana cika yana janyewa tare da teku, shi ya sa wani lokaci za ki ga ruwan yana komawa baya. A Poughkeepsie muka taka tsohuwar gadar jirgi da aka mayar ta masu tafiya a ƙafa a 2009, ko dala ba a biya. Abincinmu dambun zogale ne da muka ƙunso daga gida.

Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk taragon, ni kaɗai ke kallon waje. Wata mai kayan asibiti tana ta sharar barci, saura kowa ido a kan waya. Na ce a raina, kai, waɗannan ba su san abin da Allah ya ba su ba. Sai na tuna shekara nawa ina Maraɗi, sau ɗaya tak na je tafkin Madarunfa, shi ma ta'aziyya ce ta kai ni garin.

Haka muke. Ranar rabo, kuɗi ya tafi awaki, taki, kuɗin makaranta, ankon biki. Duk da kyau. Amma yaushe rabon da ƙungiyarku ta fita tare ba don suna ko rasuwa ba? Wadda ba ta hutawa, ita ce za ta kwanta ciwo, ribar shekara ta ƙare a magani.

Ga shawarata. Kada a taɓa uwar kuɗi, kada a ci bashi. A taron mako a amince da ɗan abin da kowa za ta ƙara, a rubuta shi daban a littafi. Bayan rabo a shiga motar kasuwa, kowa da ƙunshin abincinta. Na Tawa ga Tabalak, na Damagaram ga lambunan Mirya, na Yamai ga bakin kogi kusa da ku. A tambayi lafiyar hanya tukuna, a sanar da masu gida, a dawo kafin magariba.

Mu dai mun sa Madarunfa bayan girbi. Wadda ta riga mu fita, ta aiko mana da labari. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.