Gadar Anacha Ba Sadaka Ba Ce

Tun da aka buɗe sabuwar gadar Kogin Kwara tsakanin Asaba da Anacha a watan Mayun 2023, muke jin wasu 'yan'uwanmu suna cewa wai an yi wa mutanen Gabas alfarma. Har a ɗakin shan shayin malamai ana faɗin haka. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ya kamata mu ƙaryata ta da bakinmu kafin wani ya riga mu.

Tsohuwar gadar, wadda kamfanin Dumez na Faransa ya gina, an kammala ta a ƙarshen 1965. Wanda ya buɗe ta kuwa shi ne Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ana saura kwanaki kaɗan a kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Mutumin Bauchi ne, amma bai ɗauke ta kyauta ga wata ƙabila ba. Ba ta shekara biyu ba yaƙin basasa ya ci ta: a 1967 sojojin Biyafara da ke ja da baya suka karya ɓangarenta na wajen Anacha, abin da ya sa rundunar Murtala Muhammad ta nemi ƙetare kogin da jiragen ruwa, aka yi asarar rayuka mai yawa. Bayan yaƙi, a 1970, aka ɗinke ta, ta ci gaba da ɗaukar kayan da ba a auna ta da su ba.

To, kayan wa? Duk direban tirela da ya taɓa bi ta Lakwaja da Auchi da Agbor ya san amsa. Shanunmu da albasarmu da tumatirinmu ne ke kwana cikin cunkoson bakin gadar, musamman lokacin Kirsimeti. Tumatir kuwa ba ya jiran gwamnati. Ruɓewa yake yi, asarar ta koma Kadawa.

Abin da ya cancanci fushinmu shi ne jinkiri. Ƙasar da ke da shekara biyar da samun 'yanci ta gama gada mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. Ƙasar da ta yi iyo cikin kuɗin man fetur kuwa sai ta mayar da ta biyun abin yaƙin neman zaɓe. Obasanjo ya ƙaddamar da aikin a 2007, yana dab da sauka. Jonathan ya sake ƙaddamarwa a 2014, zaɓe na ƙaratowa. Sai a 2018 kamfanin Julius Berger ya kama babban aikin gadan-gadan, a zamanin marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka sa wa gadar sunansa. Shekara 16 ke nan daga bikin Obasanjo zuwa ranar buɗewa, kuma ko a ranar ba a gama manyan hanyoyin da za su sada ta da Asaba da Anacha ba.