Sharhi: A-kori-kura ta hannu, tsakanin ofis a Abuja da gona a Katagum

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin mallakar mota ya sauya wa ma'aikacin gwamnatin tarayya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a Abuja kafin ƙarshen 2024. Sakin darajar naira da Babban Bankin Najeriya ya yi a watan Yunin 2023 kuma ya cilla farashin motocin da ake shigowa da su daga waje, tare da kuɗin kwastan da na kayan gyara. Tsadar abinci ta sa ma'aikata da hadimai da dama waiwayar gonakin gado. Ga ɗan masarautar Katagum da ke aiki a Abuja, wannan ya haifar da sha'awar mota guda mai aiki biyu: ta kai shi ofis, idan kaka ta yi kuma ta kwaso gero da riɗi daga Gamawa ko Zaki zuwa Azare.

Sha'awar tana da hujja. Daga Abuja zuwa Azare tafiyar kimanin kilomita 600 ce, ko ta Jos da Bauchi da Misau, ko ta Kaduna da Kano da Wudil. An tagwaita hanyar Shuwarin zuwa Azare da Potiskum, amma da zarar an sauka daga kwalta sai rairayi, da damina kuma sai laka a fadamun kogin Jama'are. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum. Ƙaramar mota ba ta jure irin wannan ƙasa.

Sai dai kafin a kira dillali, ya kamata mutum ya ƙirga kwanaki. Mai zama a Kubwa da ke zuwa Sakatariyar Tarayya yana cin kusan kilomita 50 a rana, wato 1,100 a kwanakin aiki 22. A ɗauka a-kori-kurar fetur na shan lita 13 a kowace kilomita 100, ƙaramar mota kuma lita 8. Bambancin ya kai lita 55 a wata. Idan lita tana naira 1,000, naira 55,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun watan Yulin 2024. A shekara ya kama naira 660,000. Wanda gonarsa ke buƙatar mota sau biyar ko shida a shekara, wannan kuɗi zai biya masa haya a tashar Azare har ya yi ragowa. Sayen a-kori-kura yana da ma'ana ne ga mai dako kusan kowane mako, ko wanda zai bar ta a gida tana aiki a hannun amintacce.

Idan lissafi ya nuna a saya, tambaya ta gaba ita ce: wa zai gyara ta a Azare? Wannan ne ya ɗaukaka Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, domin babu garin da ba a samun bakanikenta. Toyota Hilux ce ta gaji wannan matsayi, musamman ƙirar 2005 zuwa 2015 mai injin fetur na lita 2.7. Kayanta suna nan a Apo, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano. Aibinta tsada, saboda hukumomi da jami'an tsaro da 'yan kwangila duk ita suke nema. Mitsubishi L200 da Nissan Navara da Ford Ranger sukan zo da sauƙi a ranar saye, amma arha ba ta ado idan motar za ta yi mako guda a gareji tana jiran kaya daga Kano ko Legas. Injin gas ya fi ƙarfin ja da tattalin mai, sai dai na zamani ba ya haƙuri da gurɓataccen man bakin hanya, gyaran famfonsa kuwa yana cin kuɗi.

Asalin motar ma abin bincike ne. Toyota Tacoma da ake kawowa daga Amurka tana da ƙarfi, amma injinta mai silinda shida mashayi ne. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 kan tsatsar da ke cin ƙashin motocinsa, ciki har da Tacoma ta 2005 zuwa 2010. Saboda haka a hau da mota rami, a duba ƙarƙashinta da fitila. Sabon fenti a wurin ko alamar walda gargaɗi ne. Wadda aka saya daga gwanjon ma'aikata kuwa, mai yiwuwa ta shekara goma a hannun direbobi daban-daban, don haka a gwada giya da kuloci da lagireto, a kuma tabbatar tayoyi huɗu suna ja idan an ce mai ja da huɗu ce.

Game da lodi da ja, akwai iyakar da ake yawan takewa. Irin waɗannan motoci ba sa wuce tan guda ko ƙasa da haka, wato buhu goma masu kilo 100, har da nauyin direba da fasinja a ciki. Tirelar da ba ta da birkin kanta, masu ƙera motocin sun ƙayyade mata kilo 750. Wanda ya ɗora buhu ashirin, ko ya ɗaura tankin ruwa da injin casa da igiya a jikin bamba, yana karya sifirin da kuloci, kuma nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa, a hanyar da dabbobi da masu babur ke tsallakawa.

Saura takardu. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, a 2022 kuma Hukumar Kwastan ta fara ƙiyasta haraji da lambar shasi. Motar da aka biyo da ita ta daji takan yi arha, amma ana iya ƙwace ta a shingen farko. Ga ma'aikacin gwamnati ko hadimin babban mutum, asarar ta haɗa da zubewar mutunci da tambaya a wurin aiki. A kai lambar shasi ofishin kwastan a tantance kafin a biya ko kwabo, a kuma rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.

Wanda ya kashe duk ajiyarsa wajen saye bai gama sayen mota ba, domin taya huɗu da batir da sauya mai da gyaran farko suna jiransa a watan farko. Ya fi alheri a sayi wadda ta ɗan tsufa amma ƙashinta lafiya, a bar wani abu a hannu domin taki da kuɗin makarantar yara.