Hancin roba: a gwada shi a damina kafin a yabe shi

A shekarar 1977 ne Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa idan aka turara wata roba mai suna poliyasitilin da aidin, ƙarfinta na ɗaukar wutar lantarki yakan ninka sau miliyoyi. Binciken ya kai su ga lambar Nobel a 2000. Tun ranar farko ke nan tururi ne ya sauya halin robar, kuma abin da tururi ke sauyawa yana iya zama ma'auninsa.

Ana shimfiɗa siririn falle na ire-iren wannan roba, kamar polianilin, tsakanin wayoyi biyu. Idan iskar amoniya ta sauka a kansa, sai ta zare masa ƙwayoyin furoton, wutar da ke ratsawa ta ragu, na'ura ta ƙidaya raguwar. Aikin a saman fallen yake farawa. Falle mai sulɓi da kauri yakan jinkirta tururi. A 2003 Jiaxing Huang da Richard Kaner na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis suka nuna cewa polianilin da aka yi shi zare-zare, mai yawan ƙofofi, ya fi saurin amsawa. Ga shi kuma ba ya bukatar zafi, alhali ma'aunin da ake yi da sinadarin kuza sai an ɗumama shi zuwa digiri 200 ko fiye.

Sai dai ƙofar da amoniya ke bi, ta nan laima ma ke shiga. Ruwan da ke cikin iska yakan sauya lissafin, kuma fallen yakan tsufa, ma'auninsa ya karkace a hankali. Don haka bai kamata a auna darajar sabon falle da ƙanƙantar tururin da ya gano a busasshen ɗakin gwaji ba. Abin tambaya shi ne ko zai faɗi gaskiya bayan wata shida a waje.

Mai kiwon kaji misali ne. Ana so amoniyar ɗakin kaji kada ta wuce kashi 25 cikin miliyan, domin tana lahanta idanu da numfashinsu. Na'urar da aka saita da hunturu a Kano, ta riski laimar Agusta, tana iya ruɗar mai ita: ko ta firgita shi a banza, ko ta kwantar masa da hankali kaji na shaƙar guba.

Masu kare fasahar na cewa ana iya haɗa ma'aunin laima, kwamfuta ta gyara lissafin. Gaskiya ne, amma gyaran yana ƙara tsada, kuma bai hana tsufa ba. Masu ba da kuɗin bincike da mujallun kimiyya su riƙa neman sakamakon gwaji a cikin laima da na tsawon watanni, kafin su karɓi iƙirarin kowane sabon falle.