Hutu a Kan Duwatsu: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

A ƙarshen watan Yuni, daidai lokacin da 'yan lakwal suka ajiye littattafai, wani bawan Allah ɗan kasuwa daga Dungas ya bugo mana waya a shirinmu na rediyo. Ya ce: "Malam, shawara nake nema. Na tara 'yan kuɗi don in kai uwargida da yara huɗu garin duwatsu su sha iska, ƙaramin cikinsu shekararsa biyu. An nuna mini masauki biyu. Ɗaya yana can bisa dutse, nesa da gari, na ga hotonsa a salula kamar ba a duniya ba. Ɗayan kuma gidan abokin cinikina ne a cikin gari, ba wani kyau gare shi ba, amma yana kusa da likita. Wanne zan ɗauka?" Masu saurare suka rabu biyu, lokaci ya ƙare ba a gama ba, shi ya sa muka ga ya dace mu ƙarasa maganar a wannan fili.

Da farko, akwai waɗanda suka ce wannan zance na masu ƙoshi ne, domin a Magarya da Dungas babban hutu lokacin noma ne, yaro yana gona tare da ubansa. Gaskiyarsu ce, amma ba duka ba. Kowace shekara ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta suna kwasar iyali zuwa Damagaram ko Kano ko Jos ko Agadas, wasu don zumunci, wasu don hutu. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da ya tashi a ƙasar rairayi da goruba irin tamu yana da haƙƙin ya ga dutse da idonsa. Saboda haka ba mu hana kowa tafiya ba. Abin da muke cewa shi ne, idan da yara za a je, ƙaramin cikinsu ne yake zaɓen masauki, ko da bai iya magana ba.

Abin da ya kamata mu fara lura da shi, shi ne lokaci. Turawa suna hawa duwatsu a watannin Yuli da Agusta ne domin lokacin zafinsu ke nan. Mu kuwa zafinmu na bazara ne, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da yara suke aji. Babban hutunmu, daga Yuli zuwa Satumba, a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin ruwa da sauro da lalacewar hanyoyi. Wanda ya kwaikwayi Bature ba tare da ya duba wannan ba, ya ɗauki rigar wani ya sa wa ɗansa.

Duwatsun da muke iya zuwa ba su da yawa. A cikin gida akwai Ayar, wato Abzin, arewa da Agadas, inda dutsen Bagzan ya haura mita 2,000, ga lambunan lemo na Timiya, ga Iferwan da Tabelot. Daga Damagaram zuwa Agadas kaɗai ya kai kilomita 450 ta Tanut, kafin a shiga hanyoyin dutse. A Nijeriya akwai Jos mai tsayin kimanin mita 1,200, da gidan tarihinta da aka buɗe a 1952, sai Mambila a jihar Taraba inda ake noman ganyen shayi, wadda hawanta daga Serti zuwa Gembu sai direban da ya san hanya. Sanyin waɗannan wurare gaskiya ne, domin duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. To amma sanyi kaɗai bai isa a ba wuri amanar yara ba.

Tambaya ta farko da za a yi wa mai masauki ita ce: idan jikin yaro ya yi zafi da ƙarfe 2 na dare, minti nawa ne zuwa likita, kuma da wace mota? Mu mutanen Magarya ba ma bukatar a karanta mana illar masassarar cizon sauro. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa ana rasa kimanin yara 10 kowace rana a sashen yara na asibitin garinmu, galibi saboda masassara da tamowa. Wani zai ce ai bisa dutse sauro bai da yawa. To, yaron da sauro ya ciza a gida ko a tashar mota yana iya ɗaukar kwana goma ko fiye kafin ciwon ya bayyana, ke nan can bisa dutsen zai kwanta. Likitoci kuma sun yi gargaɗi cewa wannan masassara tana iya tsananta cikin yini ɗaya idan ba a ba da magani ba. Bugu da ƙari, tun 2013 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina a Nijar. Uban da zai yi tafiya ya tuntuɓi ma'aikatan lafiya na unguwarsu tukuna, kada hutu ya sa yaro ya tsallake zagayensa.

Tambaya ta biyu ita ce: a ina aka gina ɗakin? Masu masauki suna son bakin korama da gindin dutse domin sun fi kyau a hoto. Amma ruwan dutse ba irin ruwan tabkunanmu ba ne da ke cika a hankali. Ana iya yin ruwa can nesa, kai kana zaune cikin rana, sai ka ji ƙugi, korama ta sauko da duwatsu da itace. A farkon Satumba na 2009 koramar Telwa ta sauko daga Ayar ta rushe dubban gidaje a Agadas. Haka nan idan korama ta raba masauki da gari, to likitan nan da aka ce yana kusa ya zama nesa har sai ruwa ya janye. Shi ma ɗakin da ke bakin gangare babu katanga, ba wurin yaro mai rarrafe ko mai guje-guje ba ne, domin uwa ɗaya ba ta iya tsaron yara huɗu.

Ta uku, yaya dare yake a wurin? A tambaya ko akwai sange, in babu a tafi da na gida. A tafi da bargo da rigunan sanyi, domin yaron da ya saba kwana a tsakar gida a Wacha ko Bande zai sha mamakin daren Jos a watan Agusta. A tambaya daga ina ruwan sha yake fitowa, kuma ko za a bar uwargida ta ɗora tukunya ta dama wa yara kunu. Otel ɗin da ya hana girki yana cinye guzurin mako biyu cikin kwana huɗu, sannan ya bar yara da abincin da cikinsu bai saba da shi ba.

Ta huɗu, wadda muke ganin ta fi sauran, ita ce: wa ka sani a garin? Jos ta ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, Ayar ta ga tawaye daga 2007 zuwa 2009, iyakarmu da Nijeriya ma ta rufe daga 2023 har zuwa Maris na 2024. Baƙo ba ya sanin unguwar da za a shiga da wadda za a kauce wa, ɗan gari ne ke sani. Kakanninmu fatake da suka riƙa kai kaya Kano da Gwanja ba su taɓa sauka gari ba sai gidan maigida, wanda zai tsaya musu idan wani abu ya taso. Wannan hikima ba ta tsufa ba. A kuma riƙe takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu, a sanar da dangi inda aka sauka.

Saboda haka amsarmu ga Alhajin Dungas ita ce, ya sauka gidan abokin cinikinsa. Da safe ya ɗauki mota ya kai yara su hau dutsen, su ga ruwa, su ɗauki hoto, kafin magariba su dawo inda akwai mutane da likita. Babu abin da suka rasa sai kwana a wurin da ba su san kowa ba.

Wanda kuma aljihunsa bai kai Jos ko Timiya ba, kada ya ci bashi don a ce ya je. Duwatsun unguwar Birni a Damagaram, kusa da fadar Sarki, tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Ga dutsen Dala a Kano, ga rijiyar Kusugu a Daura. Yaro ɗan shekara bakwai da ya tsaya bisa Dala ya hangi birni zai ba da labarin har a koma aji a watan Oktoba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da yaranmu lafiya, amin.