Mayo: Idan waya ta fara kai mai ita inda bai nufa ba

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, waya ta zama aljihun 'yan uwanmu Hausawa mazauna Mayo a kudancin Khartum, jikokin maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka. Tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum. Ta nan ɗan da ke Saudiyya ke turo kuɗin cefane, ta nan ake tallafa wa takiyyun da ke ciyar da unguwa. Shi ya sa wata matsala da ake rainawa ta cancanci mu tsaya a kanta: mutum ya rubuta abin da yake nema a Chrome, sai wani shafin bincike da bai sani ba ya buɗe, ko talla ta rufe fuskar wayar, ko sanarwa ta faɗo wai wayarsa ta kamu da cuta.

Abin yana da asali. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ba ta ɗage shi ba sai Oktoba 2017. Shekaru da dama manhajojin kamfanonin Amurka ba sa sauka cikin sauƙi, sai jama'a suka saba da VPN na kyauta, da kwafar manhaja daga wayar aboki ko wurin mai gyara. Takunkumi ya tafi, sabo ya zauna. Sannan a Fabrairu 2024 layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke, mutane suka koma sayen intanet na Starlink awa-awa. Wanda ya biya kuɗin awa guda, ga jama'a na jira a bayansa, ina ya ga lokacin karanta abin da yake amincewa da shi?

Masu ƙera irin waɗannan manhajoji kuɗin talla suke ci, duk binciken da suka karkatar riba ce gare su. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma wanda ya iya karkatar da bincikenka zai iya ajiye ka a shafin da ya yi kama da na banki sak, ya nemi lambar sirrinka. Ko a Google na gaskiya ma, sakamakon farko sau da yawa talla ce da wani ya biya. Ɗalibin da ke neman hukuncin wata mas'ala shi ma ya lura, shafin da aka tura shi ba malaminsa ba ne, kuma umarnin tantance labari da ke Suratul Hujurat bai ware allon waya ba.

Gyaran bai kai tsoron da ake ji ba. A shiga saitunan Chrome, wurin zaɓen injin bincike, a mayar da wanda aka sani. A duba shafin farko, a goge baƙon adireshi in an samu. A saitunan shafuka a janye izinin sanarwa daga duk shafin da ba a gane ba, domin yawancin saƙon "wayarka ta kamu" daga nan yake fitowa. Sai jerin manhajoji: duk wadda ba a tuna saukewa ba, musamman masu da'awar share waya ko ƙara mata sauri, a cire ta, a kunna Play Protect. A kwamfuta kuwa, ƙananan ƙarin da ake liƙa wa burauza su ake fara tuhuma. In an riga an rubuta lambar sirri a shafin da ake shakka, a canza ta nan take, kafin ma a fara gyaran.

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025 mutane na komawa gidajensu, da yawa da wayoyin hannu na biyu da ba su san abin da ke cikinsu ba. A ganinmu irin wannan waya a wanke ta tas, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, kafin a sa mata Bankak. Mai gyara da ya loda wa dattijo manhajar da bai nema ba ya taɓa amana, ko da bai yi nufin cuta ba. Ɗalibanmu kuma su ware ɗan lokaci bayan La'asar su duba wa iyaye wayoyinsu a harabar masallaci, da sharaɗin mai waya shi zai rubuta lambar sirrinsa da hannunsa.