Ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam da darasin ƙididdiga

Ɗalibai da dama kan zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam ne don gudun lissafi, suna zaton aikin bai wuce sauraron mutane da karanta littattafai ba. To amma da zarar mutum ya kammala lisansi ya shiga karatun gaba, inda ake son ya yi bincike na ƙashin kansa, sai ya tarar da abin da ya guda yana jiransa a bakin ƙofa, wato darasin ƙididdiga. Wasu sai su zuba lambobi cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, su kwafe abin da SPSS ko R suka fitar, su ci jarrabawa ba tare da sun fahimci komai ba. Hanyar tana da sauƙi, amma ta riga ta jawo wa fannin babbar asara.

A shekarar 2015 mujallar Science ta buga sakamakon wani aikin haɗin gwiwa na masana kimanin 270, bisa jagorancin Brian Nosek na Amurka. Sun ɗauko bincike 100 da aka buga a 2008 cikin manyan mujallu uku na fannin, suka sake yin kowanne kamar yadda masu shi suka bayyana. Tun farko 97 daga cikinsu sun ce sun gano abu tabbatacce. Da aka maimaita, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka tsaya da ƙafarsu. Ba a ce masu binciken maƙaryata ba ne. Galibi dai mutanen da aka gwada sun yi kaɗan, ko kuma an ɗauki dace a matsayin hujja.

Darasi na farko, ɗan kasuwar hatsi ya san shi tun kafin a rubuta shi a littafi. Ba ya zazzage buhu don ya san kyawon hatsin da ke ciki, ɗiba yake yi. Kuma ba ya yarda da abin da ke bakin buhu kaɗai, sai ya ɗebo daga tsakiya da gindi, domin ya san inda ake ɓoye tsakuwa. A shekarar 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta manta da wannan. Ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10 game da zaɓen shugaban ƙasa, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ba da sanarwar cewa Alf Landon zai ci da kashi 57. Ranar zaɓe Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. Mujallar ta kwaso sunaye ne daga jerin masu talho da masu mota, a lokacin da talaka ba ya da ko ɗaya, kuma waɗanda suka mayar da amsa sun fi yawa cikin masu jin haushin gwamnati. George Gallup, da mutane kimanin dubu 50, ya faɗi wanda zai ci. Yawan ɗiba ba ya gyara ɗibar da aka yi daga gefe guda.

Ilimin halayyar ɗan Adam ma bai tsira daga wannan cuta ba. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu sun nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Haka nan ɗalibin da ya raba takardun tambaya na Faransanci ga abokan karatunsa a Yamai ba ya da ikon cewa ya san tunanin matasan Nijar. Na bakin buhu kawai ya ɗiba.

Darasi na biyu shi ne raba gaskiya da dace. Ronald Fisher na Ingila ya kawo misali a littafinsa na 1935: wata mata ta ce in ta kurɓi shayi tana gane ko madara aka fara zubawa ko ruwan shayin. Fisher ya tsara a ba ta kofi takwas, huɗu na kowane iri, a jera su da ƙuri'a. Hanyoyin zaɓar huɗu daga cikin takwas 70 ne, saboda haka mai cinke zai dace da duka sau ɗaya ne cikin 70. In ta ware su daidai, da wuya a ce sa'a ce kawai. Daga irin wannan tunani ne aka saba da ma'aunin nan na kashi 5 cikin 100: in da babu wani bambanci na gaskiya, sakamako irin wannan ba zai fito ba sai ƙasa da sau ɗaya cikin 20.

A nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami. Ma'aunin bai ce ra'ayin mai bincike gaskiya ne ba, bai kuma ce bambancin yana da girma ba. Wanda ya yi gwaji 20 a kan lambobi guda, ko da babu komai a cikinsu, yana iya tsammanin ɗaya ya fito kamar an gano abu. In ya rubuta wannan ɗayan ya ɓoye 19, ya yi algus ko da bai ƙirƙiro lamba ko ɗaya ba. Shi ya sa yanzu masu bincike da yawa ke ajiye tambayarsu da tsarin lissafinsu a rubuce a bainar jama'a kafin su fara tattara bayanai.

Darasi na uku, matsakaici yana ruɗi. A ce ƴan kasuwa tara kowannensu na samun jikka 10, na goma kuma jikka 1000. Matsakaicin samunsu jikka 109 ne, alhali babu ko ɗaya da ke kusa da haka. Dole a duba yadda lambobin suka bazu, ba tsakiyarsu kaɗai ba.

Lamarin bai tsaya cikin jami'a ba. Da irin waɗannan rahotanni ake yanke yadda za a koyar da ɗiyan lakkwal da yadda za a kula da masu taɓin hankali, kuma da su ake kasa kuɗin ayyuka. Ma'aikacin da aka ajiye wa rahoto bisa tebur yana da haƙƙin tambaya: su wa aka tambaya, su nawa ne, yaya aka zaɓe su, gwaji nawa aka yi kafin a samu wannan? Ɗalibin da ya koyi ƙididdiga da gaske shi ne wanda zai amsa su ba tare da ya waiwayi na'urarsa ba.